Macen Agugu: Baƙuwar Da Ta Ƙi Zama A Lambunmu

A cikin watan Agusta na shekarar 2022 wani tsohon ɗalibinmu da ke aiki a ƙasar Faransa ya zo ganin gida, ya biyo ta makarantarmu a nan Ngaundere don ya gaishe mu. Da zai tafi sai ya buɗe jakarsa ya fito da wani ƙunshi na jiƙaƙƙiyar jarida, ya ce, "Malam, ga tsarabarku. Na tuna yadda kuke tsare mu a lambu har rana ta yi tsaka, na ce babu abin da zai faranta muku rai kamar wannan." Muka kwance ƙunshin, sai ga wani dunƙulen saiwa baƙi-baƙi kamar kan gwaza, da ganye huɗu ko biyar masu tsaga-tsaga kamar gashin jimina. Ya nuna mana hoton uwar a wayarsa, ta cika kusurwar bayan gidan da yake haya, tsawonta ya kai ƙugun mutum.

Muna cikin yaba kyauta sai Baba maigadi ya leƙo, ya duba, ya ce, "Malam, wannan ne aka ɗauko daga Turai a jirgin sama? Ai agugu ne. Ga shi can birjik a bakin kogin Vina, ko akuya ba ta kula shi." Yara suka fashe da dariya. Mu kuwa muka daure fuska muka ce wa Baba wannan daban ne, na Turawa ne. Kafin ƙarshen watan Maris na 2023 baƙuwar ta mutu murus, na bakin Vina kuwa yana nan yadda Baba ya bar shi.

Dalilin da ya sa muka ga ya kamata mu ba masu karatu wannan labari shi ne, yanzu gidaje da yawa suna da ɗa ko ƙane a Turai, hotunan lambunan can suna yawo a wayoyi, masu sayar da furanni a bakin titunan Yawunde da Duwala kuma sun gane cewa abin da aka ce na waje ne ya fi saurin shiga. Kafin mutum ya zuba kuɗinsa, ko ya ɗora wa ɗansa ɗawainiya, gara ya san halin tsiron nan.

Mu fara da suna. Agugu tsohuwar kalma ce a bakin Hausawa. A cikin littafin sunayen tsirrai na Hausa da likita J. M. Dalziel ya wallafa a 1916, an ambaci agugu a matsayin saiwar da ake sha don kashe tsila, kuma an nuna cewa daga Adamawa fatake suka fi kai ta ƙasar Hausa. Watau kakanninmu da suka hau tudun nan da jakunansu sun san tsiron tun kafin a haifi kakan mai tsarabarmu. Turawa ma haka suka yi da nasu. Suna da wani iri da suke kira namijin agugu, wanda saiwarsa ta daɗe tana maganin tsila a wurinsu, har Sarki Luwi na 16 na Faransa ya sayi asirin wani haɗi nasa da kuɗi masu yawa a 1775. Sai dai a nan dole mu ja kunne: saiwar dafi gare ta, in ta yi yawa tana iya makantar da mutum ko ta kashe shi, shi ya sa likitoci suka bar ta tuntuni. Mai tsila ya tafi asibiti, akwai ƙwayoyin da suka fi ta aiki kuma ba su da wannan haɗari.

Tamu baƙuwar ita ce suke kira macen agugu, masana kuma suna ce mata Athyrium filix-femina. Rabin sunan na ƙarshe, wanda masanin nan na Suwidin Linnaeus ya tabbatar a 1753, ma'anarsa ke nan, agugu mace. Ba wai matar wancan namijin ba ce, ba su ma haihuwa tare. Ganyenta ne ya fi laushi da ƙananan tsaga, nasa ya fi kauri da tauri, sai aka raba musu suna haka, kamar dai yadda mu ma muke cewa namijin kaɗe ga itacen da ya yi kama da kaɗanya amma ba ya ba da man.

A ƙasarta, watau Turai da arewacin Asiya da Amurka ta Arewa, macen agugu 'yar kurmi ce da bakin rafi. Tana fitowa inda manyan itatuwa suke tace rana, inda ƙasa take da laushi da ruɓaɓɓen ganye, ba ta bushewa, ruwa kuma ba ya kwanciya a kanta. Duk ganyenta daga cibiya ɗaya yake tashi, ya buɗe a kewaye kamar bakin kwando, kowane ganye yakan kai mita 1, wani ma ya fi. Sabon ganye a nannaɗe yake ɓullowa kamar wutsiyar hawainiya, sa'an nan ya riƙa warwarewa a hankali cikin 'yan kwanaki.

Mai lambu a can ba ya shan wahala da ita. Yakan haƙa ramin da ya fi dunƙulen saiwar faɗi, ya cakuɗa ƙasar da takin ganye, ya dasa ta yadda cibiyar za ta yi daidai da fuskar ƙasa, domin in an binne cibiyar sai ta ruɓe. Tsakanin gindi da gindi yakan bar kamar santimita 60. Ba ta son taki mai ƙarfi, ruɓaɓɓen ganyen da za a baza mata sau ɗaya a shekara ya ishe ta. Babbar abokiyar gabarta iska ce, saboda ganyen gautsi gare shi, yana karyewa nan da nan, don haka a jikin bango ko ƙarƙashin itace ake sa ta. Rana kuwa tana iya jure kaɗan, muddin ƙasar ba ta bushe ba. In gindin ya shekara 3 ko 4 ya yi cibiyoyi da yawa, sai a tone shi a farkon shekara kafin sabon ganye ya fito, a raba da wuƙa, kowace cibiya da saiwarta, a sake dasawa. Ta haka ɗalibinmu ya samo wadda ya kawo mana.

Abin da ba mu lura da shi ba, kuma shi ne gindin maganar, shi ne barcinta. Da sanyi ya kama a can wajen Oktoba ko Nuwamba, raɓa ta fara daskarewa, sai ganyen duka ya yi ja ya kwanta. Wanda bai sani ba zai ce ta mutu, alhali saiwar tana nan a ƙasa da ranta, tana jure sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, har fiye. Wata huɗu ko biyar take yi a haka ba ta kashe komai daga abincin da ta tara, sai Afrilu ta farka da ƙarfinta. Tsiro ne da aka gina shi a kan wannan hutu.

To, mu me muka yi? Kuskurenmu na fari son a gani ne. Muka dasa ta a gaban ofis kusa da sandar tuta, inda duk baƙon da ya shigo zai gan ta, wurin da rana take bugawa tun hantsi, iska kuma ba ta da shamaki. Ƙasar wurin jar ƙasar nan ce ta Adamawa, wadda in ta bushe sai ta zama kamar tubali. Don mu nuna mata gata muka zuba mata ɗanyen kashin kaji, wani yaro mai himma kuma ya ƙara mata takin zamani a ɓoye, bakin ganyen ya ƙone cikin mako guda. Duk da haka, muddin ana ruwa tana ta ƙoƙari. Da damina ta ɗauke a ƙarshen Oktoba sai labari ya sake. Sanyinmu na Disamba, wanda yake sa mu shiga rigar ulu da safe, bai isa ya sa ta barci ba, amma busasshiyar iskar hunturu ta isa ta ƙone ta. Sai ta riƙa fitar da sabon ganye, iska tana cinyewa, ta sake fitarwa, kowanne ya fi na baya ƙanƙanta. Hutun ƙarshen shekara ya zo aka yi mako biyu ba wanda ya ba ta ruwa. Ranar da muka tone ta, gara ta riga ta shiga cikin saiwar.

Ko da mun kauce wa duk kurakuran nan, muna ganin iyakacin abin da za mu samu shi ne mu ja mata kwana zuwa shekara ɗaya ko biyu. Inuwa da ruwa muna iya ba ta, hunturun Turai ba mu da shi. Daga baya ma muka tuna wani abin da ya fi wannan: ƙa'ida ba ta yarda a tsallako iyaka da tsiro mai ƙasa a jiki ba sai da takardar shaidar lafiyarsa, domin a cikin 'yar ƙasar nan ne ƙwari da cututtukan gona suke tafiya. Mun rubuta wa mai tsarabar mun ce in zai sake zuwa ya kawo wa yara littattafai.

Son agugu ya taɓa zama ciwo a Ingila, kuma labarin yana da amfani a gare mu. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya rufe tsutsar wani malam-buɗe-littafi na dare wadda ta riga ta naɗe a kwansonta a cikin kwalba da 'yar danyar ƙasa, sai ya ga ɗan agugu ya tsiro a ciki, yana rayuwa ba tare da an ba shi ruwa ba, domin tururin da ya tashi yakan taru a jikin gilashin ya koma ƙasa. Daga nan aka fara ƙera akwatunan gilashi na ajiye tsirrai a ɗaka, kowane gida mai hali yana son nasa. A 1855 marubuci Charles Kingsley ya laƙaba wa abin suna mai ma'anar haukan agugu. Macen agugu ce tauraruwar lokacin, saboda takan fitar da siffofi na ban mamaki, har aka raɗa wa ɗaruruwansu suna. Wata da aka tsinta a Wicklow ta ƙasar Ayalan a 1857 ganyenta siriri ne mai 'yan dunƙule jere kamar carbi. Wata kuma da wani ɗalibi ya gano a Sikotilan a 1861 ƙananan ganyenta suna gittawa juna kamar saƙar asabari, aka ba ta sunan Sarauniya Biktoriya. Har yau ana sayar da zuriyar su biyun. Amma kasuwa ta jawo ɓarna. Masu neman kuɗi suka shiga kwazazzabai suna tumɓuke tsirrai buhu-buhu suna aikawa birni, har wasu irin da ba su da yawa suka kusa ƙarewa a wuraren da aka san su, wasu ba su dawo ba.

Mu a Kamaru ba mu da dalilin yin kwaɗayin na wasu. A 1964 wata masaniya Bafaransiya, Marie-Laure Tardieu-Blot, ta wallafa littafi sukutum a kan agugun ƙasar nan da danginsa kaɗai, kuma irin da ke cikinsa sun haura 200. A kan Dutsen Kamaru da tsaunukan Oku akwai 'yan uwan macen agugu na jini, masu ɗauke da sunan Athyrium kamar ta, akwai kuma agugu mai gangar jiki kamar dabino wanda ya fi mutum tsawo nesa. Waɗannan na sanyin kan dutse ne, a bar su inda suke. Na lambun gida su ne waɗanda muke wucewa kullum ba mu dubawa.

Wanda ya zauna kudu ya san agugun takobi, mai dogon ganye jere biyu, da yake rataye a jikin itacen kwakwar manja. Shi ne mafi sauƙi a tukunya, ba ya zubar da ganye muddin yana samun ruwa, kuma yana miƙa 'yan igiyoyi da suke haifar da sababbin gindi, sai a yanka a ba maƙwabci. A nan tudu muna da ƙanensa, wanda ya ba mu mamaki ƙwarai, domin dabarar baƙuwarmu yake yi, sai dai da rani yake yinta. Da ruwa ya ɗauke sai ganyensa ya bushe ya ɓace, ya bar 'yan ƙwayoyi kamar aya a cikin ƙasa, ruwan Afrilu na sauka su tsiro. Wanda ya dasa shi kada ya zubar da tukunyar a Janairu. Akwai kuma kunnen giwa, mai faffaɗan ganye, da yake manne a jikin manyan itatuwa. Mutane da yawa suna sare shi suna zaton kauci ne. Ba ya shan komai a jikin itacen, wurin zama kawai ya ara, abincinsa ganye da ƙurar da suke faɗawa a bayan faifansa. A ɗaure shi a jikin mangwaro da tsumma, a riƙa watsa masa ruwa da rani. Sai ɗan ƙaramin nan mai baƙin kara siriri kamar gashi, da yake fitowa a gefen tsohuwar rijiya da damina.

Duk abin da muka faɗa game da kula da macen agugu ya hau kansu, in ban da sanyi. Inuwa, laima, ƙasa mai laushi, taki kaɗan. A gidan Bahaushe wuraren da suka fi dacewa su ne gindin randa da wurin alwala, inda ruwa mai tsabta yake ɗiga kullum. Ruwan wanki mai sabulu kuwa a kai shi nesa. Da rani rana takan karkata kudu, saboda haka jikin bangon da yake fuskantar arewa ya fi inuwa a watannin da ake bukata, amma ta wannan gefen ne kuma iskar hunturu take zuwa, sai a kafa zana ta tare. In a tukunya ne, ta ƙasa ta fi ta roba sanyi. A huda gindinta, a haɗa kashi 2 na ruɓaɓɓen ganyen ƙarƙashin mangwaro da kashi 1 na yashi, a ƙara dakakken gawayi cikin tafin hannu. Kada a bar ruwa ya kwanta a faranti a ƙarƙashinta, sauro ne zai ci riba. Kaji kuwa sun fi gara ɓarna, a kewaye sabon dashe da ƙaya.

Saura tambayar da yara suka fi yi mana: ina irinsa? Agugu ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Wannan ya daɗe yana rikita Turawan da, har suka ce irin ba ya ganuwa, kuma wanda ya same shi zai ɓace wa idon mutane, watau layar zana ke nan tasu. Amsar tana bayan ganye. A juya babban ganye za a ga 'yan ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a jere, waɗanda wasu suke zaton cuta ce su yanke ganyen. Na macen agugu lanƙwasassu ne kamar ƙugiya. A cikinsu akwai ƙurar iri, mai laushi fiye da garin alkama, gindi ɗaya yana zubar da miliyoyi. Wani likita a Jamaika, John Lindsay, ya nuna yadda ake tsirar da agugu daga ƙurar nan a 1794, Bajamushe Wilhelm Hofmeister kuma ya warware sauran sirrin a 1851. Ƙurar ba agugu take haifarwa kai tsaye ba. Tana fara zama ɗan kore mai siffar zuciya, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, a kwance a kan ƙasa. A ƙarƙashinsa ne ƙwayoyin namiji suke iyo cikin ɗigon ruwa su kai ga na mace, sa'an nan ganyen fari ya ɓullo. Shi ya sa duk inda babu laima babu agugu.

Mun gwada da 'yan ajinmu a watan Oktoba na 2023. Maimakon mu tumɓuke gindi a bakin rafi, kowane rukuni ya yanko ganye ɗaya tak mai nunannun ɗigo, aka kwantar a kan farar takarda aka rufe da wata. Bayan kwana 2 ƙurar ta zubo, har ta zana siffar ganyen. Muka zuba ƙasar ganye a cikin manyan kwalabe 6 masu faɗin baki, muka kwarara mata tafasasshen ruwa don a kashe irin ciyawa da fumfuna, muka tsiyaye, muka bari ta huce. Sa'an nan aka barbaɗa ƙurar sama-sama, ba a rufe ta da ƙasa ba, aka ɗaure bakin da farar leda, aka jera a taga mai haske inda rana ba ta shiga. Kwalbar likita Ward ke nan. Biyu fumfuna ya cinye, muna zaton hannun masu leƙe ne. Sauran huɗun suka yi kore kamar gansakuka bayan mako 5 ko 6, 'yan ganyen fari suka fito wajen Maris. Aikin yana son haƙuri, sai da aka kusa shekara kafin su isa dashe, amma kwalba ɗaya ta ba mu gindi fiye da 20.

Akwai agugu ɗaya da ba za mu yarda kowa ya kai gida ba, kuma makiyayanmu na kan tudu sun fi mu saninsa. Shi ne wanda masana suke kira Pteridium aquilinum, mai mamaye makiyaya a tsaunukan Arewa maso Yamma da sassan Adamawa, har ya tsallaka Mambila. Gane shi ba wuya. Ba ya yin kwando daga cibiya ɗaya, ganyensa ɗai-ɗai yake fitowa daga ƙasa, mai tauri, mai kusurwa uku, yakan kai kafaɗar mutum, ƙurar irinsa kuma a naɗe take a bakin ganye. Saiwarsa tana tafiya can ƙasa inda wuta ba ta kai, don haka ƙona daji da yawan kiwo a wuri ɗaya taimakonsa suke yi: ciyawa ta mutu, shi ya tashi. Shanun da yunwa ta sa suka daɗe suna cinsa sukan kamu da fitsarin jini da ƙari a mafitsara, saboda wani dafi da masana a Japan suka ware daga jikinsa a 1983. Doki ma yana cutuwa da shi. Abin da yake rage masa ƙarfi shi ne a sare shi sau 2 ko 3 kowace damina, shekara bayan shekara, har saiwar ta gaji. In ya shiga lambu kuwa, ƙaramin guntun da aka bari a ƙasa ya isa ya dawo da shi.

A ramin da baƙuwarmu ta mutu yanzu lemun tsami ne, yana jin daɗin ranar wurin. Agugun yara kuma yana bayan ajin da ke kusa da famfo, a jikin bangon arewa, da zanar da Baba maigadi ya kafa da hannunsa. Gindin sun yi yawa har suna matse juna, za mu raba su da zarar ruwa ya zauna a watan Mayu. Duk mai so ya zo da tukunyarsa, hudajjiya.